Darasi: Dajin Nijar da na Cadi

'Yan'uwa, mu duba lissafin hukumar FAO. A 1990 dajin Cadi ya kai hekta miliyan 6.7, a 2020 ya koma 4.3. Na Nijar kuwa daga miliyan 1.9 ya sauko 1.1. In a yawa ne, Cadi ta fi asara. In a kaso ne, Nijar ta fi: wajen kashi 44 cikin 100, Cadi 36.

To, ina ruwanmu? Da rani 'ya'yan gawo da ganyen itace ke riƙe shanu. In itace ya ƙare, saniya za ta iso kara a rame, kuɗinta ya faɗi. Saboda haka mu ja kunnen masu yi mana kora: a sari reshe, a bar uwa. Allah ya sa mu gane.