Ka Auna Kafin Ka Ƙara Bututu

Ɗana, na ga hoton da ka turo. Na kuma ji muryarka a waya, duk jikinka ya yi sanyi. Ka yi wata da watanni kana tari, ka sayi madubin hangen nesa, ka ɗaura masa kyamara, ka saita Kaza da 'Ya'yanta. Sai ga taurarin sun baje kamar waina a tanda. Ka murɗa saiti, suka fara tsukewa, sai wuyan na'urar ya kai ƙarshe ya tsaya.

Kwantar da hankalinka. Ba wanda ya cuce ka. Kayanka lafiyarsu ƙalau.

Hasken tauraro idan ya ratsa gilashin gaba, yakan tattaru a wuri guda can baya. Wurin nan ba ya matsowa don kowa. Kai za ka kai masa idon kyamararka. Su kuwa maƙeran irin madubinka, mai kallo da ido suka sa a gaba. Sun bar fili domin gwiwar nan mai madubi a ciki, wadda take juyo da hoto sama don kada wuyan mutum ya ƙage. Haske yana cin tafiyar santimita da dama a cikinta. Da ka cire ta ka sa kyamara, sai hanya ta gajarce. Abin da ya rage maka kenan, 'yar tazara.

Bututun ƙari shi yake cike wannan gibin. Ba gilashi a cikinsa, ba wani siddabaru. Ƙarfe ne holoƙo, an baƙanta cikinsa don kada haske ya yi ta ƙyalli. Akwai mai milimita 35, akwai 50, akwai 80. Amma kada ka tura kuɗi tukuna.

Bari wata ya fito. Ka cire kyamara da gwiwa, ka fito da wuyan zuwa rabinsa, ka fuskantar da na'urar ga wata. Riƙe farar takarda a bayanta. Kana ja da baya sannu sannu, za ka ga wani farin dunƙule yana ƙanƙancewa, har ya zama ɗan ƙaramin wata mai kaifin baki. Tsaya nan. Sa ƙaninka ya auna da rula daga bakin wuyan zuwa takardar. Wannan awon, ɗana, ya fi shawarar mutum goma.

Sai ka cire rabon kyamara. Idonta yana can ciki, ba a bakinta yake ba. Duba samanta, za ka ga ɗan da'ira da layi ya ratsa shi, daidai nan yake. Canon irin taka tana da zurfin milimita 44, zoben da ke haɗa ta da na'ura ya ƙara 11, ya zama 55. Ta Nikon mai irin wannan tsari 46.5 ce, an rage kaurin zobenta don lissafin ya faɗa a 55 ɗin dai. Abin da ya saura bayan ka cire, shi ne tsawon bututun da kake nema. Rabin wuyan da ka bari kuwa, shi zai ba ka sararin gaba da baya.

Ni ban yi haka ba a zamanina. Nawa madubin irin na Newton ne, wanda ake leƙawa ta gefe, samfurin da shi Newton ya fara ƙerawa a 1668. Hoto ya ƙi fita, wani mai shago ya ce ai bututu ne magani. Na saya. Abu ya ƙara taɓarɓarewa, na koma na ƙaro na biyu! Ashe irin wannan, sau da yawa kyamara so take ta ƙara shiga ciki, ni kuwa ina ta janye ta. Gilashin Barlow ne ya fid da ni, don shi yana turo mahaɗar hasken waje. Rashin sani ya fi dare duhu. Gwaggonka har yau tana tuna mini bututun nan biyu, cikin ɗaya take zuba allurai.

Wata rana za ka sayi gilashin da ke gyara taurarin gefen hoto. A nan 55 ɗin za ta zama doka ga yawancinsu. Ka kauce da milimita ɗaya ko biyu, tsakiya ta yi kyau, kusurwoyi su fito da taurari kamar ƙwayar shinkafa. Siraran zobba ake sakawa, na rabin milimita ko ɗaya, ana gwadawa. Dare guda ba ya isa, kada ka ji haushi.

Kada kuma ka jera gajerun bututu uku inda dogo ɗaya zai yi. Kowace mahaɗa tana ɗan lanƙwasa da nauyin kyamara, sai gefe ɗaya na hoton ya fito tar, ɗaya ya dushe. Masu murɗawa kamar murfin kwalba sun fi masu 'yar kusa a gefe riƙo. Amma ka murɗa da tausayi. Zobban alminiyam sukan cije juna. In sun cije, kada ka ɗauko filaya, za ta lotsa su. Kifa zoben a kan tafin silifa, ka danna, ka juya.

Saura saitin ƙarshe, wanda kuskurensa bai kai kaurin gashi ba. Wani ɗan Rasha mai sha'awar taurari, Pavel Bahtinov, ya fito da wani murfi mai tsage-tsage a 2005. Ka kifa shi a bakin na'ura, ka nemi tauraro mai haske, za ka ga tsinke biyu sun gitta, na uku ya ratsa su. Idan na ukun ya zauna daidai tsakiya, ka samu. Ana iya yanka shi da kwali. Sai dai ka tuna cire shi kafin ka fara ɗauka, ni na taɓa kwana ina ɗaukar hoto da shi a kife.

A daren hunturu ƙarfe yana tsukewa idan sanyi ya sauko, saitin bayan isha ba zai kai ka asuba ba. Ka riƙa dubawa duk bayan awa guda. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma kai da madubinka ka kusa ƙaryata magabata. Turo mini awon takardar nan idan ka yi, mu yi lissafin tare. Ka gai da babarka.