Wa Zai Duba Ɗan Kwikwiyo In Ka Tafi Aiki?

Kowace shekara idan ɗaliban ajin ƙarshe suna shirin barinmu, hirar da aka fi ji ita ce ta gaba: wane zai tafi jami'a, wane kwalejin ilimi, wance makarantar koyon aikin jinya. Nan da 'yan shekaru yawancinku za ku kama aiki, ku kama haya ko kuwa a ba ku gida a kwatas. Ba a daɗewa da shiga sabon gida kuma sai wani ya ce, "Ai gidan nan yana bukatar kare." Kwana biyu sai ga aboki ɗauke da ɗan kwikwiyo a cikin kwali. Abin da nake so mu duba a wannan darasi shi ne tambayar da ba a cika yi ba sai bayan an riga an karɓi kwalin, wato in ka kulle ƙofa da ƙarfe bakwai na safe, wa zai duba wannan ɗan taliki kafin ka dawo?

Bari in fara da laifin kaina. Shekarar da na fara aiki aka ba ni wani baƙin ɗan kwikwiyo, bai wuce mako shida ba, na sa masa suna Duna. Ranar Litinin ta farko, cikin watan Maris, na ɗaure shi da igiya a gindin gwaiba, na ajiye masa ɗumamen tuwo da ruwa a kwano, na tafi abina ina ganin na yi dabara. Da safe inuwa ta rufe wurin sosai. Na manta inuwa tana tafiya. Da na dawo wajen ƙarfe huɗu da rabi, na tarar ya yi ta zagaya itacen har igiyar ta nannaɗe, ta rage kamar kamu ɗaya, ya kifar da ruwan, yana kwance a rana harshe a waje. Na jiƙa shi da ruwa, na kai shi inuwa, amma bai kai magariba ba. Na so Duna ƙwarai, sai dai ban taɓa zama na lissafa awoyin da zai yi shi kaɗai ba.

To, bari mu yi lissafin yanzu. Ma'aikacin gwamnati yakan shiga ofis ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu. In ka haɗa da tafiya da dawowa da biyawa kasuwa, gida yakan yi awa tara ko goma a kulle. Ɗan kwikwiyo mai wata biyu kuwa yana bukatar abinci sau huɗu a yini, gama cikinsa ƙarami ne, ba ya iya ɗaukar na yini guda a zama ɗaya. Daga wata uku zuwa wata shida sai a koma sau uku, bayan haka sau biyu. Wajen fitsari kuma, masu kiwon karnuka suna da wani ƙiyasi mai sauƙin riƙewa: kowane wata ɗaya na haihuwarsa, kamar awa ɗaya ce zai iya riƙe fitsari. Mai wata biyu ke nan awa biyu, in ya yi ƙoƙari uku. Saboda haka cikin awa goma ɗin nan akwai aƙalla cin abinci ɗaya ko biyu da ya kamata ya samu, da fita bayan gida sau uku ko huɗu. A Ingila, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA tana ba da shawarar kada a bar ko babban kare shi kaɗai fiye da awa huɗu, balle jariri.

Abin da ke rage wahalar shi ne barci. Ɗan kwikwiyo yakan yi barcin awa 18 zuwa 20 a yini. Ashe ba mai zama kusa da shi daga safe har yamma yake nema ba. Mai zuwa ne a kan kari, wanda zai tashe shi, ya ba shi abinci, ya fitar da shi, ya ɗan yi wasa da shi, sa'an nan ya koma barcinsa.

Kafin mu je ga wannan mutum, akwai abu biyu da ke hannunka tun ba ka karɓi kwikwiyon ba. Na farko shi ne kwanakinsa. Idonsa ba ya buɗewa sai ya yi kwana goma zuwa goma sha huɗu, yakan fara lasar abinci a mako na uku ko na huɗu, amma bai kamata a raba shi da uwarsa da 'yan'uwansa ba sai ya cika mako takwas. A wurinsu yake koyon cewa cizo yana da zafi. Mai karya yakan matsu a kwashe masa 'ya'yan da wuri domin abincinsu ya fara yi masa yawa. Ka ba shi haƙuri, ko da za ka riƙa kai masa ɗan tsaki da ƙashin miya na mako biyu. Na biyu shi ne ranar da za ka kawo shi. Ka bari sai farkon hutunka na shekara, ko dogon hutu in kai malami ne. Wanda ya kawo ɗan kwikwiyo ran Lahadi da yamma ya tafi aiki ran Litinin, irin kuskurena ya maimaita.

Amma fa hutun ma akwai yadda ake ɓata shi. In ka yi mako biyu kana ɗauke da shi kamar goyo, ran nan kawai ya wayi gari ba kowa, zai yi ta kuka har maƙwabta su gaji da ku duka biyu. An ga haka sosai a Ingila da Amurka bayan kullen korona na shekarar 2020, sa'ad da mutane da yawa suka ɗauki 'yan kwikwiyo suna zaune a gida, da aka koma ofis sai karnukan suka kasa zaman kaɗaici. Tun kwana na biyu ka fara koya masa. Ka sa shi a wurinsa bayan ya ci ya yi wasa, ka fita na minti biyar, ka dawo ba tare da hayaniya ba. Gobe minti goma sha biyar, jibi rabin awa, a haka har ya kai awa biyu kafin hutun ya ƙare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu sai wurin da za ka bar shi. Igiya da sarƙa ba na ɗan kwikwiyo ba ne, kun dai ji labarin Duna. Ka yi masa ɗan shinge na waya ko katako a jikin bangon gida, mai rufi, ƙasansa daɓen siminti in da hali. Kada ka zaɓi wurin da safe. Ka tsaya ran Asabar ka duba shi da ƙarfe goma sha biyu, ka sake dubawa da ƙarfe uku, ka ga inda rana take kaiwa. Zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Salshiyas, ba ya kuma yin gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa. Don haka rufin kwano tsirara a watan Maris da Afrilu tanda ce, sai a shimfiɗa zana ko ciyawa a kai. Da hunturu kuwa, musamman a wurare irin su Jos, yana bukatar buhu ko tsohon bargo a kusurwar da iska ba ta bugawa. A raba shingen: wurin kwanciya da ruwa a gefe ɗaya, wurin bayan gida can nesa a ɗaya gefen, gama kare ba ya son ɓata makwancinsa in ba dole ba. Ruwan a zuba shi a kasko mai nauyi marar zurfi, ko a zaunar da kwanon cikin tsohuwar taya don kada ya kife. Bokiti cike da ruwa, da rijiya ko kwatami a buɗe, duk tarko ne gare shi.

Dalilin da ya sa na ce siminti shi ne wani ƙuda da muke da shi a ƙasashen nan, wanda yake yin ƙwai a ƙasa mai inuwa inda fitsari ko kashi ya taɓa. Tsutsarsa takan huda fatar ɗan kwikwiyo ta zauna a ciki, sai ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya a cikinsa da ƙafafunsa, musamman da damina. Daɓen da ake wankewa kullum yana maganin wannan, yana kuma rage kaska da ƙuma.

Ka bar masa abin tauna. Haƙoransa na nono 28 ne, za su zube tsakanin wata uku zuwa wata bakwai, 42 na manya su fito, duk tsawon lokacin nan dasashinsa yana masa ƙaiƙayi. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, don haka ka ɗauke takalmin ka ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla, ko ƙwallon roba mai tauri wanda ya fi ƙarfin haɗiya. Wayar lantarki, maganin ɓera da maganin feshi na gona su yi nesa da shingen.

Sai babban al'amari, wato mai zuwa da rana. A biranen Turai da Amurka wannan sana'a ce: akwai masu zagayawa gida gida ana biyansu, akwai kuma gidajen renon karnuka inda ake kai su da safe a ɗauko da yamma, ba sa karɓar kare sai da katin allurarsa. Mu a nan arzikinmu maƙwabta ne da dangi. Akwai matar maƙwabci da ke sana'a a gida, akwai mai gadi, akwai dattijon da ya yi ritaya, akwai ƙanenka da ke tasowa makaranta ƙarfe biyu. Amma ka tambaya da ladabi, ka kuma karɓi "a'a" da hannu biyu. Ba kowa ke son taɓa kare ba, wani saboda addininsa, wani tsoro yake ji, ba kuwa laifi ba ne. Abin da na fi gani yana ɓata shiri shi ne maganar "ku riƙa ɗan leƙa mini shi." In gidan haya mai ɗaki takwas aka gaya wa haka, kowa zai ɗauka wani ya leƙa. Ka sami mutum ɗaya, ka ce, "Baba, ina roƙon alfarma, ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe biyu," ka nuna masa abin da zai yi da hannunka, ku kuma yanka abin da za ka riƙa ba shi a ƙarshen wata. Aikin da ake biya ya fi daɗewa, ya kuma fi daɗin tambaya in an yi sakaci. In wurin aikinka kusa ne, kai ka ɗauki zuwa ɗaya a lokacin hutun rana, shi ya ɗauki ɗaya.

Abincin ranar ka auna shi da kanka tun da safe ka rufe. In ka bar wa mai taimako zaɓi, don kirki zai juye masa sauran abincin gida, a nan kuwa haɗari yake. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga shi kusan ba miyar da ba su ciki. Cakulan guba ne gare shi, goro ma yana ɗauke da irin sinadaran da ke cikin cakulan. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya soke hanji. Madarar shanu takan sa wa da yawansu zawo. Kada kuma a ba shi maganin ciwon kai na mutane don an ga ya yi laushi. Ka rubuta lambar wayarka da ta likitan dabbobi a jikin ƙofar shingen, ka ce a kira ka nan take in ya yi amai, ko zawo da jini, ko ya ƙi abinci sau biyu a jere.

Waɗannan alamu uku su ne na wata cuta da likitoci ke kira farbo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, take kuma kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ƙwayarta takan yi watanni a ƙasa da ranta, sabulu ba ya kashe ta sai ruwan wanke fararen kaya irin su Jik ko Hypo. Ana fara allurar rigakafinta a mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako goma sha shida. Kafin nan, mai taimakonka kada ya fita da shi yawo kan titi, kada kuma ya haɗa shi da karnukan unguwa don ya sami abokan wasa. Maganin tsutsar ciki kowane mako biyu ne har ya cika wata uku.

Allurar haukan kare kuwa ana yin ta in ya cika wata uku, kuma wannan haƙƙin wanda ka ɗora wa aikin ne a kanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ba mu da hujjar rashin allura, gama Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana cikin masu yin ta. Ka gaya wa mai taimako, in kare ya cije shi ko ya yakushe shi har fata ta fashe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar. Saboda wannan ne ma ban yarda a bar wa ƙaramin yaro aikin shi kaɗai ba.

Na san wani zai ce, "Malam, ni kare mai gadi nake so, in kowa yana wasa da shi ai zai lalace." Da yawa sun gaskata cewa a kulle shi cikin duhu yini guda shi ke sa shi zafi. John Paul Scott da John Fuller sun yi shekaru suna nazarin karnuka a Bar Harbor ta jihar Maine a Amurka, suka buga sakamakon a 1965. Sun nuna cewa tsakanin mako uku zuwa kamar mako goma sha biyu ne ɗan kwikwiyo yake sabawa da mutane, waɗanda kuma aka bari har mako goma sha huɗu ba hannun mutum sun tashi da tsoron da ya ƙi fita. Irin wannan kare ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Wanda ya san mutanen gida da na unguwa shi ne yake gane baƙuwar fuska da tsakar dare, haushi kuwa ba sai an koya masa ba.

Wannan ɗawainiya ba ta har abada ba ce. In ya kai wata huɗu, zuwa ɗaya da tsakar rana ya isa. Daga wata shida zuwa sama, in akwai fili mai katanga da inuwa da ruwa, ana iya sake shi a tsakar gida, ko da yake har yanzu gara wani ya leƙa, kai ma ka ware masa rabin awa da safe da rabin awa da yamma komai gajiyarka. Wanda ya duba unguwarsu bai ga mutum ɗaya da zai iya ɗora wa wannan aiki na wata huɗu ba, ko mai aikin kwana irin na asibiti, sai ya ce wa abokin ya riƙe kwalinsa tukuna, ko kuwa ya nemi babban kare mai shekara ɗaya ko biyu wanda aka san halinsa, aka kuma ga katin allurarsa.