Nisan Kano da Jidda a Jirgin Sama

Bahaushen dauri da kwana yake auna nisa. In an tambaye shi tsakanin gari kaza da gari kaza, sai ya ce tafiyar kwana uku ce, ko zango biyar. Wannan awo ya isa a zamanin da jaki da raƙumi ne abin hawa, amma jirgin sama ya raba nisa da lokaci, har ya zama dole a dubi kowanne daban. Hanyar Kano zuwa Jidda ta isa misali.

Tsakanin biranen nan biyu, in an miƙe sak, akwai kimanin kilomita 3,400. Jirgin fasinja na zamani yana cin wajen kilomita 850 a sa'a guda, watau sa'a huɗu ke nan a lissafi. Sai dai jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa, ba ya kuma sauka da shi, saboda haka tafiyar takan kai sa'a huɗu da rabi. Mahajjatan da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya kuwa, shekaru suke yi a hanya, suna noma suna ƙodago don neman guzuri. Da yawa ma a Sudan suka zauna. Abin sha'awa, jiragen da suka fara sauka Kano a 1925 daga Masar suka taso, suka ratso Sudan ɗin nan.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne agogo. Duniya tana juya digiri 15 a kowace sa'a, Jidda kuwa tana gabas da Kano da digiri 30 da 'yan kai, don haka agogon Saudiyya ya riga na Nijeriya da sa'a biyu. Wanda ya tashi Kano da ƙarfe 10 na safe zai sauka agogon hannunsa yana nuna 2:30, na filin jirgi kuwa 4:30. Shi a ganinsa azahar ce, alhali la'asar ta riga ta yi a Jidda. Ga mai kiyaye salla, balle mai azumi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A dawowa sai lamarin ya juya: ya tashi Jidda da 10, ya sauka Kano da 12:30, kamar sa'a biyu da rabi kaɗai ya yi.

Sa'an nan kuma jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazai na shekarar suka riƙa kewayawa. Nisan biranen yana nan yadda yake, amma sa'o'in tafiya suka ƙaru, man jirgi ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya tashi.