Daga Karen Farauta Zuwa Karen Sha'awa: Nazarin Sauyin Ma'anar Kiwo a Al'ummar Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kiwon sha'awa, wato ajiye kare ko tsuntsu ko wata dabbar dawa a gida ba don nama ko kasuwa ko aiki ba. Ta kwatanta matsayin kare a al'adar Bahaushe da fiƙihun Malikiyya da yadda ake riƙonsa a biranen yau, sannan ta nuna cewa raba dabba da aikinta da muhallinta na asali ƙara wa mai ita nauyi yake yi.

1.0 Gabatarwa

Kalmar kiwo a Hausa tana tafiya ne tare da amfani. Ana kiwon rago don suna da layya, kaza don baƙo, jaki don kaya. Hatta mage, ɓera ne ya sama mata wurin zama a ɗaka. Wannan ya sa harshen bai tanadi kalma tilo ga dabbar da ake ajiyewa don nishaɗi kawai ba, sai dai a ce dabbar gida, wadda kuwa ta haɗa har da tunkiya. Duk da haka, ɗabi'ar kanta tsohuwa ce. An san samari da kiwon tantabara, an san gidajen sarauta da na attajirai da ɗawisu da gauraka, kuma a Magana Jari Ce aku Abubakar Imam ya ɗora wa aikin ba da labarai a fada. Abin da ya sauya a yau shi ne irin dabbobin da ake ajiyewa da kuma dalilin ajiye su.

2.0 Kare a Al'ada da Fiƙihu

Bahaushe ya san kare a matsayin ma'aikaci: abokin mafarauci, mai gadin garke, mai tsaron gona. Karin magana ya adana wannan hoto, kamar inda ake cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. A ɗaya ɓangaren kuma sunansa zagi ne, mazauninsa kuwa ƙofar gida ko bayan danga.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ya kafu a ƙasar Hausa, ya ɗauki kare mai rai a matsayin tsarkakakke, ya kuma fassara wanke ƙwaryar da ya yi lallage a cikinta sau bakwai a matsayin bin umarni kawai. Sai dai Risala ta Ibn Abi Zaid ta taƙaita ajiye shi ga tsaron shuka da rakiyar dabbobi da farautar neman abinci, ta fitar da farautar wasa. Malamai na baya sun shigar da gadin gida ta hanyar ƙiyasi. Ke nan al'ada da fiƙihu sun haɗu a kan abu guda: aiki ne hujjar zaman kare kusa da mutum. Wannan ne ya sa da yawa daga masu karen sha'awa suke kiransa na gadi, ko da kuwa a kan kujerar falo yake kwana.

3.0 Karnukan Ƙetare a Ƙasar Zafi

A unguwannin masu hali na Kano da Kaduna da Abuja ana ganin Alsashiyan da Rotwaila, 'yan asalin Jamus, da Bo'abul na Afirka ta Kudu. Karen gida, kamar ɗan uwansa Azawak na Buzaye, gajeren gashi gare shi da siririn jiki, halittar da ta dace da Sahel. Alsashiyan kuwa gashinsa ninki biyu ne. Kare ba ya gumi irin na mutum, ta haki yake fitar da zafin jiki, don haka ɗaure shi ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, yana iya halaka shi. Inuwa mai iska da ruwan sha a kowane lokaci da fita yawo da asuba ko bayan la'asar su ne farkon haƙƙinsa.

Abinci ma wurin kuskure ne. Sauran tuwo da miya ba sa wadatar da babban kare, albasa tana lalata masa ƙwayoyin jini, cakulan guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuwa yana tsagewa ya huda hanji. Kaska tana sa masa cututtukan jini. Cutar fabo, mai zuwa da amai da gudawar jini, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, alhali rigakafinta ana fara shi tun yana mako shida zuwa takwas.

4.0 Ciwon Haukan Kare

A nan ne sha'awar mutum guda take zama lamarin unguwa duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya mutum ya tashi. Amma yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwarsa. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana da kimanin wata uku, a riƙa maimaitawa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti. Tsayawa ga maganin gida a wannan gaɓa jinkiri ne mai kisa.

5.0 Aku da Kunkuru

Aku mai jar wutsiya ɗan kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, a garke yake rayuwa, kuma yakan haura shekara 40 a hannun mutum. In aka kulle shi shi kaɗai a ƙaramin keji, yakan kama fige gashin jikinsa. In aka dogara ga gyaɗa kawai, ƙashinsa yakan yi rauni, don yana buƙatar 'ya'yan itace da ganye. Kamun da ake yi masa ya rage yawansa a dawa har ta kai a 2016 taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Babban kunkurun Sahel, wanda ake ajiyewa a tsakar gida, shi ma yana cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ciyawa ce abincinsa, yana buƙatar ƙasar da zai haƙa rami ya fake wa rana, kuma yakan rayu fiye da shekara 70, wato yana iya zama abin gado. Nijeriya tana da doka tun 1985 a kan cinikin irin waɗannan dabbobi.

6.0 Kammalawa

Karen farauta yana samun gudu da rabon nama daga aikinsa, aku a kurmi yana da garkensa. Dabbar sha'awa ba ta da ko ɗaya, komai nata yana hannun mai ita. Mizanin auna wannan nauyi yana nan cikin abin da Bahaushe ya sani: hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ga manazarta Hausa kuwa, akwai aiki a gaba: tattara sunayen da mafarauta ke raɗa wa karnukansu da kalmomin 'yan tantabara, da bin diddigin sababbin kalmomin da kiwon sha'awa ke shigowa da su cikin harshen.