Amsoshin Tambayoyinku: Jar fitilar mai ta kama a kan hanya

Wani mai sauraronmu daga Tsiga, a ƙaramar hukumar Bakori, ya ce ya sayi Golf 'yar Kwatano, yana hanyar Funtuwa sai jar fitilar baƙin mai ta kama.

To Malam, da ka ga wannan fitila, ka gangara gefe ka kashe mota nan take. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gari. 'Yan mintoci sun isa inji ya buga.

Jira minti 5, ka zaro sandar awo ka duba. In mai ya sauka, leƙa ƙasa: duwatsun hanyoyin gona kan huda kwanon mai, ko filta ta kwance. In kuwa mai cike yake, a ja motar zuwa wurin bakanike, ya cire na'urar da ke kunna fitilar, ya ɗaura gejin awo a gurbinta. In ƙarfin man ya yi daidai, na'urar ce ta lalace, abin da sauƙi. In ya yi ƙasa, sai a buɗe kwanon. A tsofaffin motoci, daskararren datti kan toshe ragar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta, musamman in an saba da man jabu. In ragar tsaf take, a duba famfon da metal.