Muryarki Jarinki Ce: Shawara Ga Mai Son Zama Zabiya

Ƙanwata, ko a Ƙanƙara kike, ko Faskari, ko Sabuwa, abin koyinki na nan kusa. A Funtuwa Hajiya Barmani Choge ta tashi, ta yi shekaru gommai tana amada da 'yan amshinta da ƙoren kiɗa, har rasuwarta a 2013. A Turai ma, mawaƙan opera masu zaƙin murya irin su Mariya Kalas kan cika babban zaure da murya ba tare da lasifika ba. Sirrin duka ɗaya ne: horo da tattali. Ga abin da za ki fara gobe.

1. Fara da ruwan ɗumi. Bayan sallar asuba ki sha kofi ɗaya ko biyu. Busasshen maƙogwaro shi ke saurin dishewa, don haka ki yi ta kurɓar ruwa har dare.

2. Ja numfashi daga ciki. Ɗora tafin hannu a kan cibiya. In kin shaƙi iska, cikin ya taso, kafaɗu su tsaya cik. Sake ta a hankali kina ƙirga goma. Minti biyar ya isa.

3. Ɗumama murya. Rufe baki ki yi gunji a hankali, daga ƙasa zuwa sama, ki dawo. Kada ki faɗa wa baiti mai tsayi da sanyin safiya.

4. Guji ƙura da hayaƙi. Lokacin hunturu ki rufe hanci da mayafi. In kina girki da itace, ki zauna ta inda iska ba ta kaɗo miki hayaƙi.

5. Kada ki yi gasa da kiɗa. A gidan biki ko suna, in ƙwarya ta danne ki, ki sa makaɗa su sassauta, ko a kawo lasifika. Ihu ke cinye murya.

6. Ɗauki kanki a waya. Ki saurara da dare, ki gano inda numfashi ya yanke miki, gobe ki gyara wurin kaɗai.

7. Zama 'yar amshi tukuna. Nemi babbar zabiya, da yardar iyaye ko maigida. A bayanta za ki koyi shiga kiɗa, da kirarin dangin amarya, da karanta fuskar taro.

8. Gama ciniki kafin ki tashi. Ki karɓi kafin alƙalami, kada ki dogara da liƙi. Ki kuma tsara dawowa kafin magariba, kin san halin hanyoyinmu.

9. Dishewa ta haura mako biyu? Ki daina waƙa, har da raɗa, ki ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Yau da gobe ke sa murya ta nuna. Daren nan ki ajiye kofinki kusa da buta, gobe da asuba mu fara.