Darasi: Asalin Sabon Gari na Kano

'Yan'uwa, da yawa cikinmu sun taɓa kwana a Sabon Gari na Kano, waɗansu ma can aka haife su. Amma in ka tambayi yaro dalilin da ya sa unguwar ta ke bayan ganuwa, sai ya yi shiru. Bari mu bincika.

Turawa sun ci Kano a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa kuwa ya buɗe. Reluwe da kantunan Turawa suna bukatar akawu da kafinta da birkila, masu irin wannan sani kuwa galibinsu mutanen Kudu ne, Yarbawa da Ibo, har da na Saliyo da na Gwalkwas, wato Gana ta yau. To, ina za su zauna? Gwamna ba ya so a dama baƙin nan da mutanen birni, gama shari'arsu dabam, addinin yawancinsu kuma dabam. Saboda haka a 1913 aka yanka musu fili a arewa maso gabas da birni, bayan Fagge, aka ja tituna miƙaƙƙu, aka raba fuloti. Shi ya sa har yau baƙo ba ya saurin ɓacewa a can kamar yadda ya kan ɓace a lungunan birni.

Da fari unguwar ba ta hannun Sarki, tana hannun Joji ne. Sai a 1940 aka mai da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. Tun da ba a yarda da gina majami'a cikin birni ba, a nan masu bi suka gina nasu, tare da makarantu. Asibitin ido na mishan, wanda aka buɗe a 1943, yana nan kusa.

A ganina wannan rabo ya kawo sauƙi a farko, amma ya bar ciwo. Mutane suna haɗuwa a kasuwa da rana, suna ciniki da Hausa, da magariba kowa ya koma nasa gefen. Bahaushe ya san farashin kayan maƙwabcinsa, bai san sunan 'ya'yansa ba. Da gardamar neman mulkin kai ta yi zafi, sai aka yi tarzoma a watan Mayu 1953, kwana 4, mutum fiye da 30 suka mutu. Ta 1966 ta fi wannan muni nesa. Aka kashe Ibo da yawa, sauran suka gudu Gabas, gidaje suka zama kango. Amma kada mu manta, a kwanakin nan akwai Hausawa da suka ɓoye maƙwabtansu, suna sane da hatsarin. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, masu gudu suka komo kaɗan kaɗan, waɗansu suka tarar an riƙe musu gidajensu.

Wahala ba ta ƙare a nan ba. A 2013 aka tashi bam a tashar motoci ta New Road, a 2016 kuma gobara ta cinye shaguna masu yawa a babbar kasuwa, wadda yanzu a ke kira Kasuwar Abubakar Rimi. Wutar ba ta tambayi kabilar kowa ba, gama Bahaushe da Bayarabe da Ibo suna da rumfuna a layi ɗaya.

Aikin wannan wata: in akwai tsoho a ekklesiyarku wanda ya zauna Sabon Gari kafin 1966, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi titin da ya zauna, da wanda ya ke maƙwabcinsa, ku rubuta abin da ya faɗa.